Ƙugiyar Harafi Da Aljihun Manomin Funtuwa

Duk wanda ya san yankin Funtuwa da Malumfashi ya san cewa ayyuka biyu ake yi wa auduga kafin ta zama kuɗi. Na farko a fuloti ake yin sa, inda ake tantance ta, a ware lamba ɗaya daga lamba biyu, a jera kowace a wurinta. Na biyu kuma a gidan gurza, inda bayan an raba ta da gurya ake sa inji ya danne ta, har abin da zai cika ɗaki ya dawo 'yan diloli da mota za ta kwashe a sawu ɗaya. Tun zamanin da kamfanin Turawa na BCGA ya kafa gidajen gurza a waɗannan garuruwa, mutanen yankin suka fahimci cewa kayan da ba a jera ba ba ya samun farashinsa, wanda ba a matse ba kuwa kuɗin mota ke cinye ribarsa.

A yau akwai wani kaya da ke kai-komo tsakanin manomin wannan yanki da hukuma, wanda shi ma ake jera shi, ake kuma matse shi, amma ba a cika samun mai waiwayar yadda ake yin hakan ba. Wannan kaya shi ne rubutu: sunan manomi a rajistar taki, saƙon tes da ke sanar da shi ranar karɓar iri, hasashen damina, ko farashin masara a kasuwar Ɗandume. Abin da muke son jawo hankalin masu karatu a kansa shi ne, dabarun da kwamfuta ke bi wajen matse rubutu da jera shi an yanka su ne daidai wuyan wasu harsuna, kuma Hausa na biyan harajin wannan a kullum. Harajin bai taka kara ya karya ba a ganin mutane da yawa, to amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Bari mu fara da saƙon tes, domin shi ne rubutun da ke isa ga ƙaramar wayar da ke aljihun akasarin manomanmu. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, kuma a 2012, lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan aikin gona, gwamnatin tarayya ta fara shirin nan na GES, wanda a cikinsa ake aika wa manomin da ya yi rajista saƙo a wayarsa ya je ya karɓi buhu biyu na taki a rabin farashi. Shirin ya zo ya wuce, amma hanyar ta zauna daram. Tun daga lokacin, kusan duk wani tallafi ko rance ko gargaɗin yanayi da ake nufin manomi da shi, sai ya bi ta rajista da saƙon waya.

Shafi ɗaya na tes wuri ne mai girman bayit 140, ba ƙari, kuma kowane bayit yana ɗauke da ƙwayoyin bayani takwas da ake kira bit. Injiniyoyin Turai da suka tsara shi sun yi wata dabara ta matsewa: suka zaɓi haruffa da alamomi 128, suka ba kowane bit bakwai maimakon takwas, da haka suka cusa haruffa 160 a shafi guda. A cikin waɗanda suka zaɓa akwai haruffan Jamusanci da na Faransanci, har da wasu na Girkanci, amma babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Da zarar harafi ɗaya tak da ba ya cikin jerin ya shiga saƙo, sai a juya saƙon gaba ɗayansa zuwa wani tsari da kowane harafi ke cin bayit biyu, shafin ya tsuke ya koma haruffa 70. Idan saƙon ya zarce haka, sai a yayyanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa haruffa 67, kuma kowace da kuɗinta.

Lissafin a bayyane yake. Saƙo mai haruffa 150 shafi ɗaya ne idan babu ƙugiya a cikinsa, amma da ƙugiya ɗaya ya zama shafi uku. Hukumar da ke son ta gargaɗi manoma dubu 100 game da tsutsar da ke cin masara za ta biya kuɗin shafi dubu 300 idan ta rubuta Hausa daidai, alhali takwararta mai rubutu da Turanci dubu 100 kawai za ta biya. Ba sai an yi duba ba kafin a san abin da mai riƙe da kasafin kuɗi zai zaɓa. Zai ce a zubar da ƙugiyar. Daga nan sai ƙwari masu cin amfanin gona su zama kwari inda ruwa ke kwanciya, ƙara ya zama kara, baƙi ya zama baki, ƙasa ta zama kasa. Wanda ya ƙware a karatu zai gane abin da ake nufi daga zubin maganar, amma dattijon da karatunsa na ajin yaƙi da jahilci ne, yana bin harafi ɗai-ɗai, shi zai yi tuntuɓe, kuma shi aka yi saƙon dominsa. Bayan wannan ga wata asarar mai tafiyar hawainiya: matasa na tasowa da zaton cewa ƙugiyar nan ado ce, alhali tun cikin shekarun 1930 aka tabbatar da ita a rubutun boko domin ta bambance sautukan da ke sauya ma'ana.

Abin takaicin shi ne, wannan ciwo yana da magani, wasu ma sun daɗe da sha. Ƙungiyar 3GPP, mai tsara ƙa'idojin wayar salula a duniya, ta tanadi hanyar da harshe zai sami nasa jadawalin haruffa na bit bakwai, ta yadda shafi zai ɗauki haruffa kusan 155 maimakon 70. Harsuna 13 ne suka sami wannan gata: Turkanci da Sifaniyanci da harshen Fotugal, sai harsuna goma na yankin Indiya, ciki har da Hindi da Urdu da Tamil. Babu harshen Afirka ko ɗaya a cikinsu. Ba mu ga laifin waɗanda suka samu ba, domin nema suka yi. Haruffa takwas kacal Hausa ke buƙata, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, manya da ƙanana.

Haraji na biyu a wajen jera sunaye ake biyan sa. Yankin Funtuwa ba baƙo ba ne ga harkar rajistar manoma, domin a nan ne, tare da Gusau da Gombe, aka fara shirin bunƙasa aikin gona da tallafin Bankin Duniya a 1975. A wancan zamani malamin gona ne ke rubuta sunaye da hannunsa, kuma ya san Ɗanladi a ido. Yanzu kuwa kwamfuta ke jerawa, ita kuma ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A wurinta A lamba 65 ce, D 68, K 75, Z kuwa 90. To amma Ɓ lamba 385 ce, Ɗ 394, Ƙ kuma 408. Duk manhajar da aka bari ta jera sunaye bisa lamba zalla, za ta tura kowane suna mai farawa da ƙugiya can ƙarshe, bayan Z. A jerin ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina, Ƙanƙara da Ɗanja za su faɗo ne bayan Zango.

Mu ɗauka ranar rabon taki ce, an buga jerin sunaye a takarda an miƙa wa akawu. Manomi ya biya kuɗin acaɓa daga ƙauyensu, ya bi layi tun safe, ya faɗi sunansa Ɗanladi. Akawu ya buɗe shafin D, ya duba sama da ƙasa bai gani ba, ga mutane ɗari a bayansa suna jira. Sunan yana nan a shafin ƙarshe, amma wa zai kai can? Haka nan matsalar ke juyawa ta ɗaya fuskar. Hanya mafi sauƙi ta gano sunan da aka maimaita a rajista ita ce a jera sunaye a duba maƙwabta. To idan an rubuta mutum ɗaya sau uku, wani wuri 'Danladi da waƙafin sama a gaba, wani wuri Danladi, wani wuri Ɗanladi, kwamfuta za ta ajiye na farko a can sama kafin A, na biyu a tsakiya, na uku a ƙarshe, ba za su taɓa haɗuwa ba. Ke nan kuskure ɗaya na iya hana mai haƙƙi haƙƙinsa, ya kuma buɗe wa mai son zuciya ƙofar karɓa sau uku.

A nan ma rabin aikin an riga an yi shi. Ƙungiyar Unicode, wadda ke ba haruffan duniya lambobi, ta ajiye ƙa'idar jera Hausa a taskarta mai suna CLDR: ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, sh bayan s, ts bayan t, ƴ bayan y. Manyan manhajojin adana bayanai na zamani suna iya aiki da ita, abin da ya rage shi ne wanda aka ba kwangilar gina rajista ya san da ita ya kunna ta. Ɗaya rabin kuwa namu ne, ba mai yi mana. A makaranta ana koya wa yara gw da ky da ƙw da ire-irensu a matsayin tagwayen baƙaƙe, amma ƙa'idar da ke cikin kwamfuta sh da ts kaɗai ta ware. Nijeriya na rubuta 'y, Nijar na rubuta ƴ. Sannan ga Muhammadu da Muhammad da Mamman, ga Abubakar da Bukar da Habu, waɗanda kowane Bahaushe ya san dangantakarsu amma inji bai sani ba. Amurkawa tun 1918 suka yi wa sunayensu dabarar haɗa masu kama da juna a furuci, wadda suka kira Soundex. Sunayenmu na jiran tasu dabarar, wadda za ta san furucinmu da al'adarmu ta laƙabi.

Wataƙila wani ya ɗauka cewa irin wannan aiki sai manyan kamfanoni masu dogayen benaye. Tarihi bai nuna haka ba. Kalmar algoridim kanta, wato jerin matakan da ake bi a warware matsala, daga sunan Muhammad bin Musa Alkawarizmi ta samo asali, malamin lissafin nan da ya yi zamani a Bagadaza a ƙarni na tara. Ɗaya daga cikin shahararrun dabarun jerawa, Quicksort, ɗalibi ne ya gano ta: Tony Hoare, ɗan Ingila, yana karatu a Mosko a 1959, yana neman hanyar jera kalmomin Rashanci domin inji ya nemo su a ƙamus. Bambancin dabara mai kyau da marar kyau kuwa ba ƙarami ba ne. Idan za a jera sunaye dubu 100 ta hanyar gwada kowane da kowane, sai an yi gwaji kusan biliyan 5, amma da dabarar raba jeri biyu-biyu ana haɗewa, wadda John von Neumann ya tsara a 1945, gwajin bai kai miliyan 2 ba.

Haka abin yake a fagen matsewa. Tushen dabarar shi ne a ba abin da ya fi yawan zuwa gajeriyar alama. Masu wayar tangaraho sun san haka, shi ya sa a tsarin Morse harafin e, wanda ya fi kowane yawa a Turanci, ɗigo ɗaya ne kawai. A 1952 wani ɗalibin jami'ar MIT ta Amurka, David Huffman, ya wallafa hanyar da ake bi a sami rabon alamomi mafi tsimi. A 1977 Abraham Lempel da Jacob Ziv suka nuna cewa idan wani yanki na rubutu ya sake zuwa, ba sai an sake rubuta shi ba, ya isa a yi nuni zuwa inda ya fara bayyana. A 1994 kuma Michael Burrows da David Wheeler suka haɗa ayyukan biyu da muke magana a kai, suka nuna cewa jerawa kanta hanya ce ta matsewa: idan aka jera sassan rubutu bisa abin da ke biye da kowane harafi, haruffa iri ɗaya za su taru wuri guda su yi sauƙin dannewa. A Hausa, alal misali, duk inda ka ga anda akasari w ce a gabansa, inda ka ga uma kuwa galibi k ce. A kan wannan dabara aka gina manhajar bzip2 a 1996. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ci gaba ya samu ne saboda wani ya zauna ya ƙura wa halayyar rubutu ido.

Hausa kuwa na da tata halayya. Harafin a shi ne sarki a cikinta, kamar yadda duk wanda ya ƙirga haruffan wannan sakin layi zai gani. Akasarin kalmominta da wasali suke ƙarewa, gaɓoɓinta gajeru ne masu tsari, kuma tana son ninki irin su sannu-sannu da kashi-kashi. Duk waɗannan riba ce ga mai matsewa idan ya san da su. Gaskiya ne cewa idan rubutu mai tsawo ne, manhajojin da ake da su kan koyi halin harshen suna cikin aiki, su matse Hausa ba laifi. Matsalar tana wajen gajeren rubutu, domin kafin manhaja ta koyi komai saƙon ya ƙare, kuma gajeren rubutu shi ne abincin manomi. Maganin da aka samo shi ne a ba manhajar ƙamus na kalmomin da suka fi yawa tun kafin ta fara. Brotli, wadda kamfanin Google ya fitar, kuma take matse ɗimbin shafukan intanet a yau, tana ɗauke da irin wannan ƙamus mai kalmomi da guntayen jimloli sama da dubu 13, waɗanda aka tsamo daga Turanci da Sifaniyanci da Sinanci da Hindi da Rashanci da Larabci. Babu kuma, babu wanda, babu gwamnati a cikinsa. Sai dai Zstandard, wadda Facebook ya fitar a 2016 kyauta ga kowa, ta ba da damar mutum ya horar da nasa ƙamus daga nasa rubutu. Ɗalibin digiri na biyu mai kwamfutar cinya zai iya yin wannan ga Hausa, muddin ya sami isasshen rubutu mai tsabta.

Maganar ba ta tsaya a nan ba, domin ta bi mu har cikin ƙirƙirarriyar basira. Wata dabarar matsewa da Philip Gage ya bayyana a 1994, wadda ke haɗe haruffa biyu masu yawan zuwa tare su zama alama ɗaya, ita masana suka ɗauko a 2016 suka mai da ta wuƙar yanka rubutu gutsure-gutsure kafin a ba manhajojin fassara. A yau ita da danginta ne ke tsaron ƙofar manhajojin da ake hira da su. Kalmar da wuƙar ta saba gani takan wuce a gutsure ɗaya, wadda ba ta saba da ita ba sai a daddatsa ta gida uku ko huɗu, kuma da yawan gutsure ake lissafin kuɗi. Bincike ya nuna cewa harsunan da ba su da rubutu mai yawa a intanet sukan ci gutsure fiye da Turanci a kan magana iri ɗaya. Ke nan duk ranar da aka ce manomin Bakori zai tambayi inji da Hausa yadda zai yi da cutar tumatir, tambayarsa za ta fi ta Bature tsada.

Mun san za a ce mana yankin da ke fama da 'yan bindiga da tsadar taki yana da abin da ya fi ƙugiyar harafi muhimmanci, kuma manoma da yawa rediyo suke saurare ko saƙon murya na WhatsApp. Ba mu musa ba. To amma rediyo ba ya riƙe rajista, saƙon murya kuma ba ya gano sunan bogi. Ɗan tallafin da ake samu, komai ƙanƙantarsa, ta cikin jerin sunaye yake bi, kuma inda sabis ke da rauni gajeren saƙo ne ke iya ratsawa. Bugu da ƙari, a cikin dukkan matsalolin yankin, da wuya a sami wadda maganinta ya kai wannan araha.

Saboda haka muna kira ga gwamnatin Jihar Katsina da hukumarta ta bunƙasa aikin gona, KTARDA, da su sanya sharaɗi a duk kwangilar gina rajistar manoma cewa dole manhajar ta karɓi haruffa masu ƙugiya, ta jera su bisa ƙa'idar Hausa, ta kuma iya nemo suna ko an rubuta shi da ƙugiya ko babu. A gwada wannan a gaban jami'i kafin a biya ɗan kwangila ko kwabo.

Muna kira ga hukumar sadarwa ta NCC da hukumar NITDA da su haɗa kai da takwarorinsu na Jamhuriyar Nijar da kamfanonin waya, su gabatar da buƙatar jadawalin haruffan harsunanmu a inda ake tsara ƙa'idojin. Fulfulde ma na amfani da ɓ da ɗ da ƴ, Yarabanci da Ibo kuma na da nasu haruffa masu ɗigo, don haka buƙatar ta ƙasa ce baki ɗaya. Aiki ne mai ɗaukar lokaci, tunda sai masu ƙera waya sun karɓa, kuma wannan dalili ne na a fara da wuri.

Babban nauyin kuwa yana kan jami'o'inmu. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero duk suna koyar da ilimin kwamfuta, kuma a yankin nan ne manyan malaman Hausa suke. Jami'ar Bayero ta ba mu ƙamus na Hausa zalla a 2006. Ya kamata a ce malamin harshe da malamin kwamfuta sun zauna a teburi ɗaya sun yanke hukunci kan jerin baƙaƙe, sun tsara dabarar haɗa sunaye, sun gina ƙamusun matsewa, sun saki sakamakon kyauta. Matasa irin na ƙungiyoyin Masakhane da HausaNLP sun riga sun fara tara rubutu, abin da suke buƙata shi ne a mara musu baya. Cibiyar NAERLS da ke Zariya na da tarin takardun wayar da kan manoma, gidajen jaridu da na rediyo kuma na da rumbunan rubutu na shekaru aru-aru, tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma waɗannan rumbuna su ne ruwan cikinmu.

Daga ƙarshe, mu da muke rubutu kullum, likita da lauya da malami da ma'aikacin banki, muna da namu kason. Allon rubutun Hausa yana nan a wayoyin zamani, kunna shi kawai ake yi. Kowace ƙugiya da muka zubar don ganda, muna koya wa injunan gobe ne cewa babu ita a harshen, kuma abin da suka koya shi za su mayar wa 'ya'yanmu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba a taɓa jin maƙwabci ya hau rufin wani ya toshe masa ba tare da an kira shi ba. Allah Ya ba shugabanninmu da masananmu ikon dubawa, Ya kuma ba manomanmu damina mai albarka da zaman lafiya.